Tukunyar Ɗan Tseren Keke

Yaya Safara'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da ke da yara da duk mutanen Kpangalam.

Mu nan Dapaong sai godiya, amma hankalina a tashe yake. Kin san tseren keke ne ya kawo mu da maigidana Baban Rashid. To likitan 'yan wasa ya auna shi, ya ce tansiyonsa, wato jininsa, ya hau, jijiyoyin jininsa sun fara tauri, in bai sauka ba, ba zai bar shi ya yi tseren ba. Ni kuwa ban manta yadda wansa Zaidu ya yanke jiki ya faɗi a filin ƙwallo ba, bai sake tashi ba.

Ɗan mahauta ne fa, da kitse aka yaye shi. Likita ya ce zoɓo ba sukari, zogale, wake, tafarnuwa, a rage gishiri. Na ko ɗaura ɗamara. Kullum mita yake, wai na mai da shi akuya. Jiya har na tsinci tsire a aljihun rigarsa, na miƙa wa maƙwabta yana kallo. Gara in sha fushinsa da in yi takaba.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Rachida

Yaya Safara'u,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gida, yaya ƙafar Inna?

Albishirinki! Likita ya sake auna shi, ya dubi na'urar, ya dube ni, ya ƙara aunawa, sai ya yi dariya ya sa hannu a takardar izinin tseren. Gogan naki ko gezau, kamar ba shi ke tura kwanona gefe ba.

Ran tseren kuwa, a hawan hanyar Nano ya bar samari suna haki, shi da ake ce wa ya tsufa. Shi ya shigo gari na farko! Yaya, na manta kunya, na rangaɗa guɗa a tsakiyar maza har mayafina ya zame.

Kowa ya ɗauka kofin da ya ci nake wa guɗa. Wallahi ko kallonsa ban yi ba. Ni dai na ga mijina ya sauko daga keke da ƙafafunsa, ya tako har inda nake, yana tambayar ko akwai sauran zoɓo.

A gaida kowa. Muna tafe gida Sokodé ran Juma'a, mu uku har da Rashid, lafiya lau.

Taki,
Rachida