Fom ɗin makaranta da zagayen ƙarshe na Baba

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ƙulle, ranar kuma sai matsowa take yi.

Ni ma'aikaciya ce a kantin magani, ina da 'ya ɗaya mai shekara tara, tana aji huɗu. A gida 'Yar Tsoho muke ce mata, saboda manne wa mahaifina da take yi. Shi kuma Uwargida yake kiranta, kullum suna faɗan wasa a kan wai ba ta iya haɗa masa shayi ba.

Mahaifina ya yi shekara ashirin da shida yana aiki a wurin wasan yara da ke can ƙarshen gari. Shi ke juya babban lilon nan mai kama da tayar keke, wanda ke ɗaga mutane sama ya sauko da su. Yana da ɗan ɗakin katako a gindin lilon: maɓalli kore, maɓalli ja, gwangwanin giris, tsumma, da rediyon da sai an mare shi yake magana. Ba ya danna kore sai ya bi kujerun ɗaya bayan ɗaya ya girgiza ƙarfen kariya sau biyu. Da ganin yadda yaro ya riƙe ƙarfen yake gane mai tsoro, sai ya ƙi tsayar da kujerarsa a can sama. Bara hannunsa ya fara rawa. Aka cire shi daga aikin Asabar da Lahadi, yanzu kuma an ce ya huta gaba ɗaya. Larabar ƙarshen watan nan da azahar zai miƙa makulli.

Manajan wurin ya ce zagayen ƙarshe nasa ne, wanda zai gaje shi zai danna masa maɓalli. Sai a lokacin na san cewa Baba bai taɓa zama a lilon nan don jin daɗi ba, sai dai gwaji da safe shi kaɗai. Ya ce Uwargidansa yake so a gefensa. Yarinyar nan ko kan tebur aka ɗora ta sai ta rufe ido, shekara uku yana lallashinta tana ce masa sai ta girma. Wannan karon ita da bakinta ta ce za ta hau.

To Laraba ranar makaranta ce. Fom ɗin neman izini gida uku gare shi: rashin lafiya, rasuwa, ziyarar ilimi. Na yi alama a na ukun. Na zauna a bayan kanta tsakanin kwalayen magani na cika shafi guda da bayani: wai za ta ga yadda lantarki ke juya inji, za ta koyi lissafin da'ira, har da yadda gari yake in an hango shi daga sama. Ni kaina da na karanta sai da na ji kamar in ba kaina satifiket. Shugabar makarantar ta mayar mini da shi da layi biyu da jan biro, cewa wurin wasa ba wurin karatu ba ne, in yarinya ba ta zo ba za a rubuta mata fashi ba dalili.

Gwaggo, 'Yar Tsoho tun aji ɗaya ba ta taɓa fashi ba. Akwai kwali a bangon ajinsu da ake manna tauraro, layinta ne kaɗai ba giɓi, kuma ƙarshen shekara ake ba da takardar yabo. Ko mura take yi sai ta saɓi jakarta ta tsaya a bakin ƙofa. Maigidana ya ce na cika son wahala, in karɓo sabon fom in yi alama a rashin lafiya kowa ya huta. Ashe yarinyar ta ji mu. Ta ajiye cokali ta ce ita lafiyarta ƙalau, kuma ba za ta kalli malamarta ta yi tarin ƙarya ba. Daga nan ta shige ɗaki tana kuka, wai ita ba ta san wanda za ta ɓata wa rai ba, Tsoho ko malama.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. A shafin nan da na cika, ban ambaci Baba ba ko sau ɗaya. Ina yarinya, in an tambaye mu aikin iyayenmu, injiniya nake cewa. Wata rana makarantarmu ta kai mu wurin, na hango shi cikin rigar aikinsa duk giris, na ɓuya a bayan ƙawata, na ce cikina ke ciwo na ƙi hawa. Ya gan ni. Bai taɓa tayar da maganar ba har yau, ni ma ban taɓa hawa lilonsa ba. Abin yana cin raina.

Shin shugabar nan ba ta yi tsauri ba? Ba ilimi ba ne yaro ya ga duniya? Ko in bi maganar maigida?

Uwar 'yar aji huɗu

*

'Yata,

Bari in fara da inda ba za ki ji daɗi ba: shugabar ta yi daidai. Ke takarda ɗaya kika rubuta, ita ɗaruruwa take karantawa. In ta yarda hawa lilo darasin lantarki ne, gobe wani zai ce zuwa kasuwa darasin lissafi ne, ajin ya koma rabi. Yara na koyon abubuwa a wurin wasa, ban musa ba, amma ba don lissafin da'ira za ku je ba, kuma matar ta gane hakan tun layin farko. Abin da ta ƙi shi ne abin da kika rubuta. Ainihin maganar ba ta ji ta ba tukuna.

Shawarar maigida kuwa, ki gaishe shi, ki ce Gwaggo ta ce a'a. Yarinyar da ta ajiye cokali don kada ta yi ƙarya ta riga ta mallaki abin da ya fi takardar yabo, kada ku karɓe mata shi da hannunku.

Ga abin yi. Ki bar fom, ki je da ƙafarki. Ki nemi minti biyar a ofishin shugabar, ki gaya mata abin da kika gaya mini: maɓallin kore, hannun da ke rawa, zagayen ƙarshe. Ki tambaya ko yarinyar za ta iya zuwa da safe a kira suna, ki ɗauke ta da hantsi, tunda sai azahar ne. Ki ce za ta rama aikin da ya wuce ta. Yawancin shugabanni suna da ɗan ikon da ba a rubuta a fom ba, sai dai ba sa amfani da shi don wanda ya zo musu da kwana-kwana.

Tana iya cewa a'a, wannan ma ki shirya masa. In haka ta faru, ki zaunar da 'yarki ki faɗa mata gaskiya: za ta rasa tauraro ɗaya, wataƙila har takardar yabon bana. Kada ki ce mata ba komai ba ne, shekara huɗu ta yi tana tara su. Ki ce mata ke kika yanke hukuncin, ba ita ba, don nauyin ya yi wa 'yar shekara tara yawa. Ni dai a ganina ku je. Akwai wata shekarar karatu a gaba, amma Larabar nan ba za ta sake zuwa ba.

Saura ke. Na lura har a ƙarshen wasiƙarki uwar wata kika kira kanki, ba 'yar wani ba. Yarinyar da ta ɓuya a bayan ƙawarta ƙarama ce, ki yafe mata, ina kyautata zaton mahaifinki ya daɗe da yafewa. Amma in shugabar ta tambaye ki aikinsa, ki dube ta ki ce mai lilo ne, shekara ashirin da shida yana ɗaga 'ya'yan mutane sama yana sauko da su lafiya. Ranar kuma ki nemi hutu a kanti, kada ki tsaya a ƙasa kina ɗaukar hoto. Ki tambayi manaja ko kujerar na ɗaukar mutum uku. Ki zauna a ɗaya gefen, ki bar shi ya girgiza miki ƙarfen kariya sau biyu.

Allah ya ba Baba lafiya da hutu mai daɗi, ya raya miki 'Yar Tsoho. Ku sauka lafiya, 'yar mai lilo.

Gwaggo