Babur ɗin da ba ya ƙara

Daren Laraba, Kabo

Ƙanena Sani yana gida lafiya. Ashe tun bayan magariba ya dawo.

Da safe ya tafi Durun a sabon babur ɗinsa mai caji, wanda 'yan majalisar ƙofar gidanmu ke ta gardama a kansa. Har aka yi isha'i Baba bai ji dawowarsa ba, wayarsa kuma a kashe. Alhaji Sule, mai son tsohon inji, ya ce, "Batir ya mutu masa a daji, dama na faɗa." Baba ya ture tuwonsa. Ni kuwa dama ina cikin masu kare babur ɗin da abin da na karanta.

Na ɗauko tocila zan bi hanya, sai ga babur a ƙofar baya an jona shi a caji, ƙanen nawa yana ɗaki yana minshari.

Baba bai yi faɗa ba. Cewa ya yi wa Sani da ya farka, "Da kunne nake sanin 'ya'yana sun dawo. Abin nan naka ya koyi sallama."

Sani ya ce wani bakanike a Gwarzo yana saka wa irin babur ɗin na'urar ƙara. Babu wanda ya ga na'urar tukuna.