Hannun da Na Ba Shi Aro

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga ƙanena Auta, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da jaririyarku, Allah ya raya mana ita, ya sa ta fi ubanta jin magana. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Inna tana fama da ƙafar nan tata, yau ta lafa gobe ta motsa, amma bakinta ko gezau, kullum sai ta tambaye ni ko kana cin abinci a can ko ka koma tsinke. Baba ya daina fita aiki, yanzu sana'arsa zama a ƙofar gida yana gyara wa masu wucewa tafiya. Antinka da yara duk suna lafiya, babbar ta fara yi mini gardama a kan komai, na ce wannan jinin baffanta ne.

Saƙonka ya iso, kuma sai da na yi dariya har na ajiye waya. Wai kai ne ka shiga koyon judo a wani ɗakin horo kusa da wurin aikinku, har kana neman shawarata. Kai da kake cewa ƙato da gemunsa yana birgima a katifa cikin farar riga kamar kukun otal! To, sannu da zuwa. Ka yanke farce kafin ka hau katifa, na hannu da na ƙafa. Kada ka bar rigar horo ta kwana a jaka, don abokin kokawarka hancinsa a hammatarka yake yini. Kada ka cika ciki kafin ka je. Ka haƙura da faɗuwar da za su yi ta sa ka yi ba iyaka, ka manna haɓa a ƙirji, kuma kome za a yi kada ka tare ƙasa da tafin hannu. Sababbi duka burinsu su ka da mutum, alhali wanda bai iya faɗuwa ba ba ya daɗewa a wannan harka. Waɗannan ƙanana ne, malaminku ma zai faɗa maka. Babbar shawarar tana tafe da labari, kuma labarin ban taɓa ba wa kowa a gida shi ba, in ban da Antinka.

Ka tuna lokacin da aka ɗaure mini hannun dama, aka ce maka daga babur na faɗo? Ba babur ba ne, a katifar judo ne, don hankalin Inna muka faɗi haka. Ka san idan aka kulle maka hannu a ƙasa, wato abokinka ya matse shi tsakanin cinyoyinsa yana lanƙwasa gwiwar ta baya, sai ka buga tafinka, shi kuma ya sake ka nan take. Duk wasan a kan wannan amanar yake tsaye. Kai ka ba shi aron hannunka ya koyi aiki, shi ya maido maka da shi yadda ya karɓa. To, akwai wani da ya zo mana daga wani ɗakin horon, mai sayar da wayoyi ne, muna ce masa Ɗan Gayu. Gashi kullum a gyare, turare kamar an yi ɓarinsa, kuma ba ya hawa katifa sai ya jingina wayarsa a taga tana ɗaukarsa. Ranar muna gwabzawar ƙasa ya kama mini hannun dama. Na ga ya kama da kyau, ban yi gardama ba, na buga katifa da hagu. Katifar wannan lungun ta tsufa, ta yi laushi, ba ta ƙara. Na sake bugawa. Sai ya ɗaga ƙugu ya ƙara ja, na ji ƙas a gwiwar hannuna kamar an karya busasshen kara.

Da aka taru a kaina sai ya ce shi bai ji bugu ba. Auta, ina kwance ina ganin idonsa. Ya dubi hannuna yana bugun katifa, sannan ya dubi wayarsa. Malam mai horar da mu kuma, wanda nake ganin girmansa kamar Baba, ya ce laifin rabawa za a yi, don ya sha gaya mana a jikin mutum ake bugu, ba a katifa ba, in ya so a haɗa da baki. Gaskiya ya faɗa, kai ma ka riƙe wannan, amma a ranar gaskiyar ta fi gocewar ƙashin yi mini ciwo. Ɗan Gayu ko asibiti bai taka ba. Saƙo ya turo na ban haƙuri, layi ɗaya. Bayan nan wani mai zuwa aski wurina ya miƙo mini wayarsa a cikin shagona, yana tambaya ko ni ne wannan. Ashe ya saki hoton ga duniya, har da kiɗa ya sa masa, daidai wurin da nake ihu.

Ka san mai aski da hannunsa yake ci. Watanni na yi ina zaune a bencin jira a shagon kaina, ina kallon abokin aikina yana fama shi kaɗai, mutanen da na shekara ina yi wa aski suna tsallaka titi zuwa shagon da ke kallonmu. Da aka kwance ɗaurin, hannun ya ƙi miƙewa duka, har yau ma bai miƙe ba. Injin aski ba nauyi gare shi ba, amma ka riƙe shi a sama tun safe ka ji. Abin da ya ƙarasa ni shi ne wani dattijo da tun buɗe shagon ba wanda ke taɓa kansa sai ni. Ina cikin fitar masa da layin goshi hannuna ya yi rawa, reza ta ci wurin da bai kamata ba. Ya dubi madubi, ya dube ni, cikin tausayi ya ce in huta abokina ya ƙarasa masa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ranar na shiga bayan shago na rantse sai Ɗan Gayu ya ji abin da na ji.

Da likita ya yarje mini na koma horo, kowa da irin shawararsa. Wani ya ce in riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi, wani ya ce ƙanƙara, wani ya koya mini naɗa filasta. Direba, abokin horona tun muna sababbi masu ɗaura farin bel, wanda ke jan babbar motar haya, shi cewa ya yi in bar wa Allah, wai mutumin ya riga ya ga sakayya. Abin da yake nufi, a wurinmu Malam ba ya haɗa mutane. Tafi yake yi, kowa ya je gaban wanda yake so ya rusuna masa, in ya amsa da rusunawa sun zama abokan aikin ranar. Tun abin da ya faru ba mai zuwa gaban Ɗan Gayu, sai baƙon da bai san dawan garin ba, ko Malam ya ɗauke shi da kansa. Direba yana ganin wannan ya isa hukunci. Ni kuwa ina ganinsa yana hawa matakala da hannuwansa biyu lafiyayyu yana fito, sai in ji abinci ya fita raina.

Sai na yi shiru, na yi fuskar wanda ya haƙura. Na ce wa Direba tunda damana ya raunana, ina so in koyi kulle hannu ta ɓangaren hagu. Bawan Allah ya miƙo mini hannunsa. Kullum bayan an tashi sai mu tsaya, in kama, ya buga, in saki, in sake kamawa, har mai shara ya kore mu. Shi yake gyara mini inda zan sa ƙafa, yana murna wai na dawo da ƙarfina. Ban yi gaggawa ba, mai haƙuri shi ke dafa dutse. Sai da kamun ya zauna mini a jiki, har ina iya yinsa ido rufe, sannan wata ranar da yamma, ɗaki cike, Malam ya tafa, na wuce Direba na ratsa katifa na je na rusuna a gaban Ɗan Gayu. Ya ɗan yi turus, sai ya yi murmushi ya rusuna, ina jin ya ɗauka sulhu na kawo masa.

Duk tsaronsa a dama yake, don ya san ta nan kowa ke zuwa. Ta hagu na shige shi, kafin ya farga hannunsa yana tsakanin cinyoyina. Ya buga mini cinya da ƙarfi, bugun da ko kurma zai ji. Ya sake bugawa, ya ce in saki da babbar murya. Na ji shi sarai. Na dube shi cikin ido don ya san na ji, sannan na ɗaga ƙugu a hankali, a hankali, har sai da ya yi irin ihun da ya sa wa kiɗa. Sannan na saki. Bai karye ba, targaɗe ne mai kyau, gwiwar ta kumbura suntum, ya tafi gida da hannu rataye a wuya. Ba zan yi maka ƙarya ba, Auta, daɗi na ji. Ranar na ci abinci har da ƙari, na yi barcin da rabona da shi tun kafin ɗauri. An ce rama cuta ga macuci ibada ne, kuma har yau da nake rubuta maka ban ji nadama ba.

Malam bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi na wancan ana iya gardama a kai, nawa kuwa kowa shaida ne. Bai kore ni ba, bai karɓe bel ɗina ba, na sauko ina cewa a raina na sha da arha. Da aka dawo horo ya tafa, na juya wurin Direba kamar kullum na rusuna. Ya dubi bango ta bayan kaina, ya matsa ya rusuna wa wani. Na je gaban na biyu, ya sunkuya yana gyaran bel. Na uku ma haka. Kafin in ankara kowa ya samu nasa, ni kaɗai a tsaye a tsakiyar katifa da gemuna. A matakala na tare Direba, ya ce shi abin da ya fi ƙona masa rai, a kan hannunsa na wasa wuƙar, yana miƙo mini yana murna. Ya ce da wannan hannun yake riƙe sitiyari, da shi yake ciyar da 'ya'yansa, ba zai sake ba wa mutumin da ke jin bugu ya ƙi saki ba, kome dalilinsa. Na ce ai shi ya san abin da aka yi mini. Ya ce ya sani, amma gwiwarsa ba ta san dalili ba. Daga ranar na koma jan robar taya da aka ɗaure a ƙarfen taga, ita kaɗai ce ba ta guduna.

Ana nan Ɗan Gayu ya warke ya dawo, ba waya a taga, ba turare. Malam ya tafa, ɗaki ya rabu biyu-biyu, aka bar mutum biyu a tsaye. Na dubi Malam, ya dubi agogon bango ya ce lokaci yana tafiya. Haka muka rusuna wa juna. Tun daga ranar ni da shi ne, kowane horo, ba fashi. In an ce a gwada kulle hannu, ni zan miƙa masa nawa, shi ya miƙo mini nasa, kuma kowannenmu yana bugawa tun kafin a kama da kyau, har sababbi suna yi mana dariya. Ba ma magana. Ya zama mai ladabi, mai haƙuri, yana saki da wuri, kuma wannan ne ke hana ni sakewa, don na san irin wannan haƙurin, ni ma na yi shi. Antinka ta ce in bar wasan tun da sauran hannu a jikina. Na ce ba zan bari ba, ba za a ce shi ya kore ni daga katifar da na riga shi hawa ba. In ya taɓa ni kuma, wallahi sai na rama, ko da haƙori ne.

To ga shawarar, ko da yake za ka ce in kura na maganin zawo ta yi wa kanta. Ka yi bugu a jikin mutum, ka haɗa da baki, kada ka ji kunya. In an buga maka, ka saki kafin ka yi tunani. Sannan in ka ga an gama zaɓe an bar wani a tsaye shi kaɗai, kada tausayi ya kai ka gabansa. Mutane ba sa gudun mutum a banza. Ka bar shi a tsaye, ko da kuwa yayanka ne.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka, ka shafa mini kan jaririya. Inna da Baba suna sa maka albarka, Gwaggo ta ce ka turo hoton yarinyar ta gani ko da wa ta yi kama, Kawu ya ce har yanzu yana jiran kiranka. Antinka da yara suna gaishe ku. Maganar nan ta tsaya tsakanina da kai, Inna ta ci gaba da tsine wa babur. Ka sa ni a addu'a, gobe da yamma akwai horo.

Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Yayanka mai aski