Jan Fenti a Jikin Mangwaron Mama

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, Allah Ya kare ka Ya sa albarka a aikinka. Mu kalau muke, ƙafar Baba ta yi sauƙi har yana takawa ƙofar gida. Kwana uku wayarka ba ta shiga, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Yaya, raina a ɓace yake. Masu aikin ruwa sun iso layinmu da sabon bututu, kuma ba sa fasa titi. Ƙananan ramuka biyu suke haƙawa, inji ya tura sandar ƙarfe ta ƙarƙashin ƙasa daga wannan zuwa wancan, wani yana binta ta sama da na'ura mai ƙara, sannan a janyo bututun ta hudar. A gidan tela ko bulo ɗaya ba a ɗaga ba. Da aka zo namu, injiniyar da ke jagorantar aikin ta ce sandar za ta iya wucewa ƙasan saiwar mangwaro, amma ba za ta huda a makance ba, don bututun ban-ɗakin da kuka binne kai da Baba na roba ne, na'urarsu ba ta jin roba. Baba kuwa ya manta ta inda ya bi.

Ka san Kawu. Nan take ya ce a daina wahalar da mutane, a sare bishiyar a haƙa dogon rami kowa ya gani da idonsa, wai shi bai yarda da aikin da ake yi a ɓoye ba. Har ya karɓi gwangwanin fentinsu ya shafa mata ja, alamar sarewa! Bishiyar da Mama ta dasa da hannunta, Allah Ya jiƙanta. A littattafan da nake karantawa a gindinta, budurwa kan miƙe ta yi magana kowa ya yi tsit. Ni da na miƙe, kalma uku kawai suka fito. Na dai iya cewa Yayana ya sani. Kawu ya ce Malama Soyayya ta koma ga littafinta, aka yi dariya. Injiniyar ce kaɗai ba ta yi ba. Ta ce in kawo zane kafin Laraba, ranar da za su kwashe inji su bar layin.

Don Allah ka zana a bayan takardar nan: daga ban-ɗaki taku nawa, ta wane gefen bishiyar, zurfin ya kai gwiwa ko ƙugu. Direban zai juyo Litinin.

Baba da Goggo da Auta suna gaishe ka. Ka gaida Anti, ka sumbatar min jaririya. Kawu ma ya ce a gaishe ka, na dai faɗa.

Na wanke fentin sau biyu da omo, bai fita ba.

Ƙanwarka mai jiran amsa.