Ƙayar Aduwa a Malejin Yaya Habu

Zuwa ga Yayana Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta ƙani ga wansa, tare da fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Shekara huɗu ke nan da muka kai ka, sai yau na iya zama a kan teburin yankan yadi na rubuto maka.

Da za ka leƙo shagona na Gumel yanzu, da ka yi dariya har ka riƙe ciki. Ni tela, da ko keken hawa ban gama iyawa ba, bangona cike yake da malejin tsofaffin babura 'yan China, da tamburan da ake ɓamɓarowa daga jikin tanki, wani mai fiffike, wani mai tauraro, wani da rubutun da duk garin nan ba mai iya karanta shi. Masu kawo ɗinki suna tambaya ko kanikanci na koma. Matata Hajara kuwa cewa take na mai da shago bola. Ban taɓa gaya wa kowa gaskiya ba. Guda ɗaya nake nema, naka.

Ka san halin 'yan acaɓarmu. Da zarar wayar maleji ta tsinke, shi ke nan, ba mai sake waiwayarta. Kai kaɗai ne a tasha kake gyara taka, suna yi maka tsiya. Kakan ce, "Mutane nake ɗauka, Sabi'u, ba buhun gero ba. Dole in san gudun da nake yi."

Ina bayanka ranar da allurar malejin ta karye a hanyar Sule Tankarkar. Ka tsaya a gindin aduwa, ka ɓallo ƙaya, ka buɗe gilashin, ka manna ta da gam. Na ce wannan ai abin kunya ne. Ka ce zuwa Alhamis ne kawai, in ka shiga kasuwar Maigatari ka sayi sabo. Alhamis nawa ta wuce, Yaya? Duk lokacin da ka goya ni, ta kafaɗarka nake leƙe ina kallon ƙayar nan tana rawa a kan arba'in.

Zazzaɓin kwana biyar ya ɗauke ka. Da aka zo rabon gado, ni na matsa a sayar da babur ɗin, don ba na iya wucewa ta zaure in gan shi a jingine. Dillali ya tafi da shi Maigatari, ban ko tambayi wanda ya saya ba. Sai da zauren ya zama wayam na gane abin da na yi.

Daga nan na shiga bin 'yan gwangwan da rumfunan kanikawa. A raina na ɗauka tunda ka tafi, shi ma babur ɗin ya mutu, don haka a cikin tarkace kawai nake tono. In ɗauki maleji, in goge gilashin da babban yatsa, in duba allura. Ba naka ba ne, amma in na sa mutum ya zazzage buhu saboda ni, kunya ba ta barina in tafi hannu rabbana. Daga baya ma tausayinsu nake ji, don kowanne akwai wanda ya taɓa kallonsa. Haka bango ya cika. Ƙusa ɗaya na bari a tsakiya ban rataya mata komai ba.

Wata uku da suka wuce na kai ɗinkin suna Gagarawa. A gaban mai shayi na ga wani babur an ɗaure masa jarkokin nono, tambarin tankinsa fiffike ɗaya a karye, irin naka sak. Na matsa kusa. Na leƙa malejin, sai ga ƙayarka, ta yi baƙi amma tana nan.

Mai babur ɗin wani dattijo ne daga ruga, Malam Buba. Ya ce kanikawa sun sha ce masa ya canja, shi kuwa bai ga dalili ba tunda tana aiki. Na ba shi labarinka. Sai ya aro sukundireba, ya kwance malejin da hannunsa, ya ƙi karɓar ko sisi. "Na ɗan'uwanka ne, tafi da shi," in ji shi.

Na rataye shi a ƙusar nan, na zauna ina jiran in ji sanyi a raina. Ban ji ba. Ƙayar ta kwanta a kan sifili. Na ƙwanƙwasa gilashin, na girgiza shi, ko gezau. Shekara huɗu tana yawo tsakanin ruga da kasuwa tana aikin da ka sa ta, ni na zo na tsayar da ita don in samu abin kallo. Shi kuma bawan Allah yana can yana goya iyalinsa, ga ramin maleji a gabansa, bai san gudun da yake yi ba. Na san abin da za ka ce mini, kuma na san irin kallon da za ka yi mini kafin ka faɗa.

Ina kewarka, Yaya. In la'asar ta yi, har yanzu nakan ɗaga ƙafa daga keken ɗinki duk sanda babur ya rage gudu a ƙofar shago. Tun da ka tafi ba ni da wanda zan yi wa shirme ya yi mini faɗa.

Gobe Alhamis, Malam Buba yana cin kasuwar Maigatari. Na naɗe malejin a ƙyallen farar shadda, zan mayar masa. Alfarma ɗaya zan roƙa: in an ɗaura, ya goya ni ko zuwa bakin gari ne, in leƙa ta kafaɗarsa in ga ƙayar ta tashi. Ƙusar kuwa haka zan bar ta.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka kurakuranka. Yadda ka riƙa kai mutane gida lafiya, kai ma Allah ya sauke ka lafiya a Aljanna. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani, ya sada mu.

Ƙaninka na kujerar baya,
Sabi'u