Tuwon Ciyayya

Madarumfa, Litinin

Yaya Usman,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Garba direba na ba wasiƙar nan, don in na kira ka a waya Baba na nan kusa yana kasa kunne.

Yaya, na gaji wallahi. Shekara guda ke nan abinci ba ya wuce wa Baba. In ya haɗiye loma sai ta tsaya masa a ƙirji, can ta dawo. Kunu kaɗai yake sha, shi ma a tsaye. Ya rame, riga ta yi masa yawa. Ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, wai kunya ce a ce dattijo yana amai kamar jariri.

To ga inda abin ya ɓaci. Ka san ciyayyar ƙofar gida, kowane magidanci da kwanonsa, a ci na kowa. Baba sai ya zauna ya ƙi sa hannu, har a kwanon ƙanensa Baba Ɗanlami. Mutanen garin nan kuwa ka san bakinsu! Wai Baba yana zargin Inna Saratu, matar Baba Ɗanlami, da zuba masa wani abu. Baba Ɗanlami ya naɗe tabarmarsa, wata biyar ko gaisawa ba sa yi. Na karya rantsuwa, Allah ya yafe mini. Ka zo ka ɗauke shi.

Ƙanwarka,
Hasiya

Yamai, Laraba

Hasiya,

Bayan gaisuwa da addu'a. Mako uku da zuwanmu, jiya aka yi wa Baba aikin, kuma alhamdu lillahi. Lokotoro ya ce ba mugun ciwo ba ne, inda maƙoshi ya haɗu da ciki ne ya tsuke ya ƙi buɗewa. Ba a tsaga shi ba. Wani siririn tiyo mai kyamara aka zura ta baki yana barci, aka buɗa wurin daga ciki. Yau ya sha ruwa kofi guda a zaune.

Juma'a zan sa shi a mota. Ki lura da wannan ƙwarai: wurin ɗanye ne. Kwana bakwai ruwa-ruwa kawai, kunu a tace. Ban da tuwo, ban da kifi. Ga takardar lokotoro a ciki. Har yanzu Baba ya hana a gaya wa mutane ciwon nasa, ki ƙyale shi, ya ce su ɗauka hawan jini ne.

Allah ya ba ki ladan jinya.

Yayanki,
Usman

Madarumfa, Lahadi

Yaya,

Gaisuwa. A gurguje nake, ka yi haƙuri da rubutun.

Ka ce in ƙyale shi, na ƙyale. Jiya da la'asar maza suka cika zaure dubiya. Sai ga Baba Ɗanlami, shi da kansa ɗauke da kwano, tuwon dawa da miyar busasshen kifi. Ya ajiye gaban Baba, ya buɗe, ya ce, "Yaya, Saratu ce ta tuƙa maka."

Ina bayan ƙofa, Yaya. Ta ina ni mace zan kutsa cikin dattawa in janye kwanon? In na janye, gobe me za a ce? Na yi gyaran murya har sau uku. Baba ya ji ni sarai. Ya ce a ba shi ruwa, ya wanke hannu, ya yi bisimilla. Loma biyar na ƙirga.

Tun safe yake riƙe da ƙirji, jikinsa zafi rau. Garba na ƙofa, asibitin Maraɗi za mu. Haushi nake ji, na Baba, na kaina, har naka. Ban san wa zan fara yi wa kuka ba.

Hasiya

Maraɗi, Talata

Ɗana Usman,

Salamu alaikum. Hasiya ce ke rubutawa, ni nake faɗa.

Ni na kai tuwon. Sai a mota ta karanta mini takardar lokotoro. Shekara guda ɗan'uwana yana kwana da yunwa, katanga ɗaya tsakaninmu, ni kuwa ina fushi.

A asibiti sun ce wurin ya ɗan tsage, sun sa masa ruwa a hannu, sai Asabar za su san inda aka dosa. Ina nan gefensa, ba inda za ni.

Ɗazu ya buɗe ido. Na ce, "Yaya, don me ka ci?" Cewa ya yi, Saratu ta ga kwanon ya ragu?

Na ce ta gani.

Ka taho in da hali.

Babanka,
Ɗanlami