Wutsiyar Turancin Manaja

Talata, Yuli 1986, unguwar Fezzan

Yau manaja ya kira ni ofishinsa, har da ba ni kujera. Shekara da shekaru ina buga masa tafireta, bai taɓa cewa in zauna ba.

Ya ce, "Malam Bukar, ba korarka muke yi ba. Rationalisation ne. Za a ba ka compensation in an gama verification."

Ko haɗa ido da ni ya kasa. Matsoracin banza! Tun a sakandare aka koya mana wannan wutsiya ta -ation. Daga Latin take, tana mayar da aikatau suna. Da ka liƙa ta, sai aikin ya tsaya shi kaɗai, wanda ya aikata shi ya ɓace. "Na kore ka" sai mai ƙarfin hali. Shi kuwa ya ɓuya a bayan wutsiya.

Na dawo gida na tarar da matata Yagana tana tankaɗe. Na gaya mata. Ta ajiye rariya.

"Wa ya kore ka, Baban Falmata?"

"Wai ba kowa."

"To gobe ka koma aikinka mana."

Na yi dariya. Sai da ta juya na ga tana share ido da bakin zane.